Yadda Za Ka Gane Abin da Kyanwarka Ke Faɗa da Kukanta

An ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To, na kyanwa ya fi shi zama jawabi a wurinmu, domin kurciya 'yan uwanta take yi wa, kyanwar gida kuwa galibi kai take yi wa. Babbar kyanwa ba kasafai take ce wa 'yar uwarta "miyaw" ba. Zancensu na tsakaninsu shinshina ne da goga jiki, da motsin kunne da na wutsiya, sai huci da gurnani idan rai ya ɓaci. Miyaw kukan ƙuruciya ne, da shi 'ya'ya ke kiran uwarsu in sun ji sanyi ko yunwa, ko sun neme ta sun rasa. Magen daji tana girma take rage shi ƙwarai. Ta gida kuwa tana riƙe shi har tsufa, don ta lura hancinmu ba ya kama saƙonta, idonmu kuma kullum yana wani wuri, amma kunnenmu na jin kira.

Saboda haka kada ka nemi ƙamus guda da zai fassara maka kukan kowace mage. A 2003 wani mai bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka, Nicholas Nicastro, ya ɗauki kukan maguna a yanayi daban-daban, ya kunna wa mutane ba tare da sun ga magunan ba, ya ce su faɗi abin da kowace ke nufi. Abin da suka dace da shi kaɗan ya ɗara na mai canki-canka, sai dai waɗanda suka daɗe da kiwon mage sun ɗan fi saura. Kowace kyanwa da mai ita su ke ƙera yarensu su biyu: ta gwada wani sauti, in ya yi aiki ta riƙe, in bai yi ba ta watsar. Aikinka shi ne ka koyi yaren taka.

Mataki na farko: ka san muryarta tun tana lafiya

Ka ware mako guda na sauraro kawai. Duk sanda ta yi kuka, ka rubuta abu huɗu a takarda ko a waya: ƙarfe nawa ne, a ina take tsaye, me ya faru gab da kukan, me kuma ya sa ta yi shiru. Na huɗun nan shi ne mabuɗi. In ta yi shiru da ka buɗe ƙofa, kukan ƙofa ne. In ta bi ka har inda kwanonta yake, ka san zancen. In ka yi duk wannan ba ta daina ba sai da ka zauna ta hau cinyarka, to kai take so.

Ka ɗauki muryar a waya ko da sau uku ne ko huɗu. Ranar da za ta canza, wannan ɗaukar za ta yi maka amfani, ta kuma yi wa likitan dabbobi.

Wasu magunan surutu a jininsu yake. Irin da ake kira Siyamis, wadda asalinta ƙasar Tailan ce, ta yi suna wajen yawan kuka da kaifin murya, irin Farisa mai dogon gashi kuwa shiru-shiru ce. Don haka yawan kuka shi kaɗai ba ya nuna komai. Abin lura shi ne mai surutu ta yi tsit, ko shiru-shiru ta ɓarke da kuka.

Mataki na biyu: ka dubi bakinta

Wannan dabarar tsohuwa ce amma har yau ban ga wadda ta fi ta sauƙi ba. A 1944 wata Ba'amurkiya, Mildred Moelk, ta karkasa sautukan mage zuwa 16, ta tara su gida uku bisa yadda baki yake a lokacin. Akwai waɗanda ake yi baki a rufe. Akwai waɗanda baki ke buɗewa sannan ya rufu a hankali, wato dangin miyaw. Akwai kuma waɗanda baki ke tsayawa a wangame, fuska a ɗaure. A dunƙule, na farko na aminci ne, na biyu na buƙata, na uku na tsoro ko faɗa ko zafin ciwo. Ko a cikin duhu, in ka saba, kunnenka zai gaya maka wane gida sautin ya fito.

Mataki na uku: sautukan rufaffen baki

Biyu ne manya a nan. Na farko gajeren "burrr" ne mai kaɗawa, ƙarshensa ya ɗan hau sama kamar mai tambaya. Da shi uwa ke kiran 'ya'yanta su biyo ta, da shi kuma taka ke tarbarka in ka shigo, ko in ka taɓa ta tana gyangyaɗi. Gaisuwa ce. In ta yi shi ta yi gaba tana waiwayenka, ka bi ta, akwai abin da take so ta nuna maka.

Na biyu shi ne ƙugin nan mai laushi da ke fita daga maƙogwaro, wanda in ka ɗora hannu a wuyanta za ka ji yana girgiza kamar ƙaramin inji. Girgizar tana kaiwa tsakanin sau 25 zuwa 150 a daƙiƙa guda, kuma ba ta yankewa, ko tana jan numfashi ko tana fitarwa. Jariran mage suna fara shi tun suna 'yan kwanaki. Ana haifarsu ido a rufe, kunne ba ya ji, sai su riƙa jin girgizar uwarsu a jikinsu, su ma su mayar mata yayin da suke shan nono.

A nan ne masu mage da yawa ke yin kuskuren da ya fi damuna. Sun ɗauka duk mai ƙugi tana cikin daɗi. Sau da yawa haka ne: ta kwanta ta saki jiki, ido a lumshe, tana tattaka cinyarka da ƙafafun gaba. Amma mage tana ƙugi tana naƙuda. Tana yi a kan teburin likita jikinta na rawa. Tana yi da karaya a ƙafa, har ma a gargarar mutuwa. Kamar dai yadda mutum ke rarrashin kansa ne in abu ya yi tsanani. Na taɓa yin kwana biyu ina murna wata tsohuwar kyanwata ta ƙara son jiki, don duk sanda na taɓa ta sai ta hau ƙugi, ashe ƙurji ne a ƙarƙashin haƙorinta ya hana ta cin abinci. Da na dubi kwanonta tun ranar farko da na gane. Saboda haka in ka ji ƙugi, ka tambayi kanka: ta ci abinci yau? A miƙe take kwance ko a dunƙule, kai a sunkuye? A fili take ko ta shige lungu?

Akwai kuma ƙugin roƙo. Karen McComb ta Jami'ar Sussex a Ingila ta nuna a 2009 cewa wasu maguna, in suna neman abinci, sukan cusa wani siririn kuka a cikin ƙugin, kaifinsa kusa da na kukan jariri. Mutanen da aka kunna wa, har da waɗanda ba su taɓa kiwon mage ba, sun ce ya fi ƙugin yau da kullum matsa wa rai. In kyanwarka na zuwa bakin kunnenka da sassafe da wani ƙugi mai tsini da ba ka iya sharewa, shi ne wannan.

Mataki na huɗu: ka rarrabe miyaw da miyaw

Ka saurari abu uku: tsawo, kaifi, da inda murya ta nufa a ƙarshe, sama ko ƙasa.

Gajere mai taushi, sau ɗaya ko biyu in kun haɗa ido, sallama ce. In ta jero shi da sauri tana kewaya ƙafarka wutsiya a tsaye, murna ce da ɗoki, irin na wanda ya daɗe yana jira. Matsakaici mai ɗan tsawo, tana kallonka tana kallon wani abu, buƙata ce, kuma idonta zai nuna maka abin: kwano, ƙofa, famfo, abin wasa da ya shige ƙarƙashin kujera. In ka yi biris, za ka ji ya ƙara tsawo ya yi kauri, "maaaw", wannan ƙorafi ne. Kaifi ɗaya kwatsam mai huda kunne kuwa zafi ne, wataƙila an taka wutsiya ko ƙofa ta datse ƙafa.

Susanne Schötz, masaniyar furucin sauti a Jami'ar Lund ta Suwidin, ta lura cewa kukan da mage ke yi lokacin jiran abinci yakan hau sama a ƙarshe, wanda take yi a wurin likita kuwa yakan gangara ƙasa. Ka gwada da taka. Ka kwatanta kukanta a gaban kwano da wanda take yi in an rufe ta a akwatin tafiya, za ka ji bambancin da kunnenka.

Wani lokaci za ta buɗe baki kamar za ta yi miyaw amma ba ka ji komai ba, ko ka ji ɗan iska kawai. In can ma haka take yi jefi-jefi tana kallonka, roƙo ne mai taushi. In kuwa muryar ce ta dishe ko ta ɗauke gaba ɗaya alhali da tana da ita, musamman da atishawa ko majina, mura ce ko ciwon maƙogwaro, a kai ta a duba.

Mataki na biyar: in baki ya wangame, ka ja da baya

Huci, irin na maciji, haƙora a waje, kunne a kwance, wani sa'in har da tofi. Mutane na ɗauka mugunta ce, su daka mata tsawa ko su kai duka. Wannan zalunci ne, kuma yana ƙara dagula lamarin. Mage mai huci tsoro take ji, cewa take a ba ta wuri. Ta yi maka adalci ma da ta yi gargaɗi kafin ta kai yakushi. In ka hukunta ta a kan gargaɗin, abin da za ta koya shi ne ta daina gargaɗi ta kai farce kai tsaye.

Gurnani ya fi huci nauyi: sauti ne mai kauri da ke ɗaukar lokaci, wani sa'in ya hau ya zama doguwar kururuwa. Za ka ji shi in tana kare abinci ko 'ya'yanta, ko ta hango baƙuwar mage. Ga abin da za ka yi. Ka daina abin da kake yi nan take. Kada ka zura mata ido, domin a wurin mage ƙure ido neman faɗa ne. Ka ja baya a hankali, ka bar mata hanyar fita, ka janye yara da sauran dabbobi. Kada ka ɗauke ta don rarrashi. Magen da ta fusata da wata da ta gani ta taga takan huce a kan duk wanda ya taɓa ta, ko da kai ne mai ba ta abinci, kuma fushin kan ɗauki sa'o'i kafin ya sauka. In biyu ne suka kaure da faɗa suna ƙara, kada ka sa hannu. Ka tafa da ƙarfi, ko ka zura faffaɗan kwali tsakaninsu, sannan ka raba musu ɗaki. Cizon mage siriri ne mai zurfi, yana saurin ruruwa, in ya same ka ka wanke da ruwa da sabulu sosai ka je asibiti.

In kuma mage mai haƙuri ta fara huci duk sanda ka taɓa wani wuri a jikinta, to wurin ne ke ciwo.

Akwai wani sauti da ba ya cikin faɗa ko da yake baki a buɗe yake: ta zauna a taga ta hango tsuntsu, muƙamuƙinta ya hau kaɗawa, "ka-ka-ka-ka", bakin wutsiya na motsi. Zumuɗin farauta ne da takaicin abin da ba ta iya kaiwa. Ba ciwo ba ne. Ka ɗauko igiya da ɗan gashin tsuntsu ɗaure a bakin igiyar ka bar ta ta kama wani abu.

Mataki na shida: ka haɗa da abin da jiki ke faɗa

Labarin zuciya a tambayi fuska, na mage kuwa a tambayi kunne da wutsiya. Wutsiya a tsaye cak, bakinta ya ɗan lanƙwashe, kunne na fuskantar gaba: duk kukan da ya zo da wannan na zumunci ne. Wutsiya na dukan ƙasa, fatar baya na motsi, kunne ya juya gefe: ta ƙoshi da shafa, ko da ƙugin bai tsaya ba, ka ɗauke hannunka. Gashi a tashe, baya a gantsare sama, baƙin ido ya buɗe ya cika: tsoro ne mai tsanani. In murya da jiki suka saɓa, ka gaskata jiki.

Mataki na bakwai: kukan dare

Wannan shi ke hana gida barci, shi ne kuma ke sa wasu su kori mage. Kafin ka yanke mata hukunci, ka duba shekarunta da jinsinta.

In mace ce matashiya da ba a yi wa aikin hana haihuwa ba, mai yiwuwa neman barbara ne. Tana iya farawa tun tana wata huɗu zuwa shida. Kukan dogo ne mai ban tausayi, wanda bai sani ba sai ya ce ciwo ne. Za ka ga tana birgima, tana goga jiki da komai, ta kwantar da ƙirji ta ɗaga baya, wutsiya a karkace gefe, ƙafafun baya na tattaki. Yakan kai kimanin mako guda, ya lafa, ya dawo bayan mako biyu ko uku in ba ta ɗauki ciki ba. Muzurai kuma su taru suna amsawa da nasu kururuwar, suna fesa fitsari, suna faɗa. Ƙarar da mace ke ƙwallawa a ƙarshen barbara tana da dalili: gaban muzuru na da ƙananan ƙayoyi, kuma wannan karcewar ce ke sa ta saki ƙwai. Tsawa ba ta maganin wannan kuka, kulle ma haka. Maganinsa aikin likita ne, a cire wa mace mahaifa da ƙwayayenta, a fiɗiye muzuru. Ni ina ganin wannan ya fi tausayi nesa ba kusa ba a kan a bar ta tana zuba 'ya'ya bayan kowane ciki na kwana 63 zuwa 65, a rasa mai riƙonsu.

In kuwa ta haura shekara goma ta fara kururuwa da tsakar dare, tana tsaye a tsakar ɗaki ko tana fuskantar bango, ruwa ba ya tsami banza. Abu huɗu ake fara zargi. Ƙululun wuya da ake kira tayirod yana iya yin aiki fiye da kima, sai ka ga tana ci kamar me amma tana ramewa, ba ta iya zama wuri ɗaya. Hawan jini, wanda sau da yawa ke tafiya da ciwon ƙoda, yana iya makantar da ita in an yi sakaci. Kurumta na sa ta ɗaga murya don ba ta jin kanta. Sai ruɗewar tsufa, ta manta inda take a cikin gidan da ta sani. Biyun farko gwajin jini da awon hawan jini ke gano su, kuma ana samun sauƙinsu da magani. Ga mai ruɗewa, ka bar mata ƙaramar fitila da dare, ka kusanto da ruwa da akwatin yashin da take fitsari da bayan-gida a ciki kusa da makwancinta, kada ka yawaita sauya wa kayan ɗaki wuri.

Mataki na takwas: kukan da ba a kwana da shi

Muzurun da ke ta zirga-zirga zuwa akwatin yashi, ya tsuguna yana yunƙuri yana kuka, fitsari ba ya fita ko yana ɗiga da jini, yana yawan lasar gabansa: mafitsararsa ta toshe. Wannan na iya kashe shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Mutane kan ɗauka bayan-gida ne ya ƙi fita su ce a jira gobe. Kada ka jira.

Haka in ta ƙwalla ƙara kwatsam ƙafafun baya suka mutu, suka yi sanyi, tana jan su: gudan jini ne ya toshe jijiya, galibi daga ciwon zuciya. Haka in tana numfashi baki a buɗe kamar kare, ko ka ƙirga numfashinta tana barci ka ga kullum yana haura 30 a minti. Haka in ta yi kwana biyu ba ta ci ba ta kuma ɓuya ta yi shiru, domin mage gwanar ɓoye ciwo ce, shirunta ya fi kukanta ban tsoro. Duk waɗannan na likitan dabbobi ne a ranar. Kuma don Allah kada ka ba ta maganin mutane don ka ji tana kuka. Farasitamol, ko ƙwaya ɗaya, na iya kashe mage.

Mataki na tara: yadda za ka amsa mata

Sai ka tabbatar lafiyarta ƙalau, kwano da ruwa da akwatin yashi duk daidai, sannan ka zo nan. Ka tuna duk kukan da ka biya wa buƙata, ka koya mata ta maimaita shi. In ta tashe ka ƙarfe huɗu na dare ka miƙe ka zuba abinci don ta bar ka ka yi barci, gobe ma ƙarfe huɗu za ta zo. Tsawa ma a wurinta amsa ce, tunda ka farka ka kula ta.

Mage da almuru da ketowar alfijir take da kuzari, haka halittarta take, don haka ka bi da ita ta nan. Kafin ka kwanta ka yi mata wasan farauta na minti goma zuwa sha biyar har ta gaji, sannan ka ba ta abincin dare. Tsarinta ke nan: farauta, ci, lasar jiki, barci. Da safe kada abinci ya zama abu na farko da za ka yi da ka sauko daga gado, ka yi wasu hidimomin tukuna, don kada ta haɗa tashinka da cikar kwano. In ta zo da kukan asuba, kada ka yi magana, kada ka kalle ta, kada ka motsa. Ka sani kwanakin farko kukan ƙaruwa zai yi, domin tana ganin dabarar da ta saba ci da ita ta daina aiki, sai ta ƙara ƙaimi. A nan yawancin mutane ke sarewa, kuma wanda ya sare a dare na huɗu ya koya mata cewa nacewa ce ke biya. Kowa a gidan ya bi tsari ɗaya. Da rana kuma, in tana roƙo da ƙarfi, ka jira ta yi shiru ko na daƙiƙa biyu ne, sannan ka ba ta abin da take so a cikin shirun.

Gaisuwarta kuwa ka riƙa amsawa. In ta ce "burrr", ka kira sunanta da murya mai taushi. Binciken Atsuko Saito da abokan aikinta a Japan, wanda ya fito a 2019, ya nuna maguna na bambance sunansu daga sauran kalmomi, ko da amsar ba ta wuce juya kunne ba. In kuma ta zauna nesa tana kallonka ba ta ce komai ba, ka sassauta fuskarka, ka lumshe ido a hankali, ka buɗe, ka ɗan kau da kai gefe. Ka yi sau biyu ko uku, sannan ka jira ka ga ko za ta lumshe maka nata.